Tambayoyin Masu Karatu: Tsofaffin Kayan da Aka Jibge a Wurin Aiki, Ya Halatta In Kai Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, a nan aka haife ni, kuma na daɗe ina aiki a sashen gyare-gyare na wani kamfanin gine-gine. A bayan ofishinmu akwai sito da aka cika da tsofaffin kaya, da kwamfutoci, da firintoci, da kujeru, da na'urorin sanyaya ɗaki irin na taga waɗanda aka ciccire lokacin da aka sa sababbi. Wasu sun haura shekara biyu a jibge, ƙura ta rufe su, ba mai waiwayarsu. Babban ɗana ya shiga sakandare, ana ba su aikin gida ta dandalin karatu na intanet mai suna Madrasati, wayar mahaifiyarsa yake ara, ni kuma ba ni da halin sayen sabuwar kwamfuta. Na yi wa mai kula da siton magana, sai ya ce in ɗauki ɗaya kawai, ai ƙarshenta 'yan gwangwan ne za su kwashe, kuma wani abokin aikinmu ya riga ya tafi da kujera da na'urar sanyaya ɗaki, ba wanda ya ce masa uffan. Ban da wannan, ina bin kamfanin kuɗin aikin ƙarin lokaci da har yau ba a biya ni ba. Shin idan na ɗauka na yi laifi a wurin Allah ko a wurin hukuma? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya raya yaron, ya sa albarka a karatunsa. Kada ka ɗauki kwamfutar da wannan izinin da ka samu, domin wanda ya ba ka shi ba shi da ikon bayarwa. Amma kuma kada ka fitar da rai da ita, domin akwai hanyar da za ka same ta da halalinka, kuma hanyar ba ta kai wahalar da mutane suke zato ba.

Abin da yake ruɗar yawancinmu shi ne ganin kaya a yashe. Zuciya takan raya wa mutum cewa abin da mai shi ya daina amfani da shi ya fita daga hannunsa, alhali daina amfani daban, sakin mallaka daban. Kayan nan ba tsintuwa ba ne, domin tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba, kuma ko ita ma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci wanda ya tsince ta ya yi cigiyarta har shekara guda. Su kuwa waɗannan kaya mai su sananne ne, sunansa yana rubuce a ƙofar da kake shiga kowace safiya, kuma suna cikin ɗakin da ya kulle ya ba wani makulli. Hadisi ya zo cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, malamai kuma sun yi bayani cewa haka hukuncin yake ga dukiyar wanda ba Musulmi ba da ake zaune lafiya da shi. Daɗin rai ba a ƙiyasta shi daga shirun mutumin da bai ma san ana ɗiban kayansa ba. Akwai hadisin Adiyyu ɗan Amira a cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce duk wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye allura ko abin da ya fi ta, to wannan ha'inci ne da zai zo da shi ranar alƙiyama. Asalin maganar a kan ma'aikatan da ake tura su tattara dukiyar jama'a ne, amma ma'anarta ta shafi duk wanda aka ba amana, kuma an ambaci allura ne domin kada wani ya fake da cewa abin da ya ɗauka ba shi da wata daraja.

Sai mu zo ga mai kula da siton, wanda nake kyautata zaton tausayinka ya ji. Shi ɗan ajiya ne, aikinsa ya tsare kaya ya kuma ba da lissafinsu, ba shi da hurumin yin kyauta da su, kamar yadda makiyayin da aka ba kiwo ba ya kyauta da tunkiyar mutane don ta tsufa. Idan ka koma siton, ka ɗauki ɗaya daga cikin kwamfutocin ka share ƙurar bayanta da hannunka, mai yiwuwa ne ƙwarai ka ga 'yar takarda a manne, da lamba da zane-zanen layuka a jikinta. Wannan lambar tana nan a rajistar kadarorin kamfanin. Masu lissafin kuɗi sukan riƙa rage darajar kowace na'ura shekara bayan shekara har ta koma sifili a littafi, sai ma'aikata su ji an ce kayan ba su da sauran daraja, su ɗauka ke nan an yafe su. Ba haka ba ne. Na'urar tana nan da sunan kamfani har ranar da mai iko ya sa hannu a takardar fitar da ita, ta hanyar sayarwa, ko kyauta, ko lalatawa. Wasu firintocin ma ba na kamfanin ba ne, hayarsu aka yi daga wani kamfani, kuma za a nemi a mayar da su. Ranar da aka zo ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara aka tarar da gurbi, wanda sunansa yake kan takardar ajiya shi za a fara tuhuma, daga nan ko dai a cire kuɗin daga albashinsa, ko ya faɗi sunanka. Ko wanne ya faru, ka cutar da mutumin da ya nufe ka da alheri, ko shi ya cutar da kai.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, al'amarin a fili yake. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka kafa a shekarar 2005, ta ɗora wa ma'aikaci a sashe na 65 nauyin kula da na'urori da kayan aikin da ke hannunsa, da kuma mayar wa mai aiki abin da ba a yi amfani da shi ba. Sashe na 80 ya ba mai aiki damar korar ma'aikaci ba tare da sanarwa ko diyya ko kuɗin sallama ba idan ya tabbata ya aikata abin da ya saɓa wa mutunci ko amana, da sharaɗin a ba shi damar kare kansa. Ka yi lissafin abin da wannan yake nufi a aljihunka. Kuɗin sallama, bisa sashe na 84, rabin albashin wata ne ga kowace shekara a shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka. A ce mutum yana karɓar riyal 3,000, kamfani ya sallame shi bayan shekara goma, haƙƙinsa ya kama riyal 22,500. Wannan duka zai iya salwanta a kan tsohuwar kwamfutar da idan aka kai ta kasuwar tsofaffin kaya ta Haraj ba za ta yi kusa da wannan kuɗi ba. Akwai kuma dokar yaƙi da zamba da cin amana ta shekarar 2021, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 3, ko duka biyun, ga wanda ya mallake dukiyar da aka damƙa masa saboda aikinsa. Ba kowane mai aiki ne zai kai ƙara a kan kujera ba, amma abin da ba a kula da shi ba yau shi ake tonowa ranar da aka samu saɓani. Kuma da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka da Madina, har waɗanda aka haifa a nan, da igama suke zaune, wato takardar izinin zama, wadda take rataye da wurin aikinsu. Mutumin da zamansa da na iyalinsa yake kan irin wannan takarda bai kamata ya bar wa kowa abin da zai riƙe shi da shi ba.

Kwamfuta tana da wani haɗarin da kujera ba ta da shi, wato abin da ke cikinta. Ma'adanar bayanan tsohuwar kwamfutar ofis takan ƙunshi jerin albashin ma'aikata, da hotunan igama da fasfo, da kwangiloli, da lambobin asusun banki, kuma goge fayil da hannu ba ya kawar da shi, masu sani suna iya dawo da shi. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a wannan ƙasa a watan Satumba na 2023, saboda haka kamfanoni sun ƙara taka tsantsan, kuma wannan yana daga cikin dalilan da kan sa a bar kwamfutoci a jibge: ana jiran wanda zai share su yadda ya kamata. Idan ka kai irin wannan gida ka miƙa wa yaro, sirrin abokan aikinka ne ka ɗora a kan tabarmar ɗakinka, kuma idan wani abu ya fita, kai za a nema.

Game da bashin da kake bin kamfanin, ba na raina shi, haƙƙinka ne, kuma cin gumin ma'aikaci zalunci ne babba. Sashe na 107 na dokar ƙwadago ya ce ana biyan sa'ar ƙarin lokaci da ladan sa'a tare da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na ainihin albashi. Malamai sun daɗe suna tattauna mas'alar wanda aka hana shi haƙƙinsa sannan dukiyar wanda ya hana shi ta faɗo hannunsa. Waɗanda suka halatta ɗauka sun kafa hujja da izinin da aka ba Hindu 'yar Utba ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan, waɗanda suka hana kuma sun riƙe hadisin da ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. A halin da kake ciki, ra'ayi na biyu nake ba ka shawara da shi, domin kai aka amince wa da shiga siton, kuma kana da inda za ka kai kuka. Ana fara shigar da ƙorafi a sashen sulhu na Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam, wanda yake da kwanakin aiki 21 ya sasanta ku, idan abin ya faskara a tura shi kotun ƙwadago. Ka tattara shaidarka tun yanzu, ka kuma sani cewa ba a sauraren irin wannan ƙara idan aka bari watanni 12 suka wuce bayan rabuwa da aiki, sai da uzuri karɓaɓɓe. Idan kuwa ka biya kanka da kwamfuta, ka mayar da kanka wanda ake ƙara bayan kai ne mai ƙara, kuma mai aikin ya samu hujjar da zai rufe bakinka da ita.

To, ina hanyar? Ka tambaya, amma ka tambayi wanda yake da iko, wato mai kamfanin, ko babban manaja, ko shugaban sashen da ke kula da kadarori. Ka rubuta 'yar gajeriyar takarda da Larabci, ka ambaci irin na'urar da lambar da ke manne a bayanta, ka ce ta daɗe ba a amfani da ita, kana roƙon a ba ka kyauta ko a sayar maka da farashin da suka ga ya dace, kuma kana so sashen kwamfuta ya share abin da ke cikinta kafin ta fita. Ka faɗi gaskiyar dalilinka, cewa don karatun ɗanka ne, babu abin kunya a cikin wannan. Ni ina ganin tayin saye ya fi ƙarfi, ko da kuɗin kaɗan ne, domin yana ba akanta abin da zai rubuta a littafinsa, kai kuma ya ba ka rasit. Idan an amince, kada ka yarda da izinin baka. Ka karɓi takarda mai sa hannu da hatimi, ka nuna wa mai gadi a ƙofa da rana tsaka, ka ɗauki hotonta da wayarka, ka adana asalin tare da takardun aikinka, domin manajan da ya ba ka yau zai iya barin kamfanin gobe, wanda ya gaje shi kuma bai san da maganar ba.

Lokacin ma ya dace da irin wannan roƙo. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa iya ɗaukar Windows 11, saboda haka ofisoshi da dama suna neman yadda za su rabu da su. Irin wannan kwamfuta takan ishi ɗalibi, musamman idan mai gyara ya sa mata manhajar Linux, wadda kyauta ce. Sai dai idan ta tafi-da-gidanka ce, ka duba batirinta, idan ya kumbura har ya ɗaga madannai, kada ka shigar da shi gida, domin yana iya kamawa da wuta.

Ina da magana kuma ga masu kamfanoni da manajoji, domin akwai 'yan'uwanmu a cikinsu. Barin kaya masu amfani su ruɓe a sito alhali 'ya'yan ma'aikatanku suna aron waya su yi karatu, ba abin yabo ba ne. Addini ya hana tozarta dukiya, kuma lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga mushen akuya an yar, tambaya ya yi me ya hana a ɗauki fatarta a jeme a amfana da ita. Wanda ya rufe ƙofar kyauta da ta sayarwa, ya bar kaya a jibge a gaban mabuƙata shekara da shekaru, yana da nasa kason a fitinar da ya jefa su. Abu ne mai sauƙi a fitar da jerin tsofaffin kaya sau ɗaya a shekara, a sayar wa ma'aikata da rangwame, abin da ya rage a miƙa wa masu gyara kwamfuta, irin ƙungiyar Irtiƙa da ke Khobar, su raba wa makarantu.

Duk wannan a kan kamfani mai zaman kansa ne. Wanda yake aiki a asibiti ko makaranta ko ofishin gwamnati, to ko shugaban wurin ba shi da ikon yi masa kyauta da tsintsiya, domin dukiyar jama'a ce. Kayan da gwamnati ta gama da su ana miƙa su ga wata hukuma ne, ko kwamiti ya ƙiyasta kuɗinsu a sayar bisa ƙa'ida, kuma hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, wato Nazaha, tana bibiyar masu wasa da su.

Shi kuwa abokin aikinku da ya riga ya tafi da kujera da na'urar sanyaya ɗaki, ka keɓe shi ka yi masa nasiha ba tare da tona masa asiri ba. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya, saboda haka ko dai ya dawo da kayan inda ya ɗauke su, ko ya je ya nemi a sayar masa a rubuce. Idan kayan sun lalace a hannunsa, ƙimarsu ce a kansa.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ina aikin gida a Makka. Uwar ɗakina ta sauya firiji da darduma, an hau da tsofaffin saman bene, rana tana dukansu. Wani lokaci kuma takan sa a fitar da tukwane da tufafi a ajiye kusa da kwandon shara na bakin titi. Ina so in tara in aika wa 'yan'uwana a Kano. Ya halatta? Daga wata mai karatu a Makka.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa zumunci. Kayan nan kashi biyu ne. Abin da mai shi ya fitar da kansa ya ajiye a bakin shara da nufin rabuwa da shi, ya sake shi, kuma ba laifi ga wanda ya ɗauka. Abin da yake saman bene kuwa yana cikin gida, yana hannun masu shi, wataƙila ma an yi wa wani alkawarinsa, saboda haka sai kin tambaya. Ki lura kuma cewa firiji mai yiwuwa maigidan ne ya saya da kuɗinsa, don haka ki roƙi uwar ɗakinki ta shaida masa.

Duk da haka, ko na bakin sharar ne, ina ba ki shawara ki faɗa mata kafin ki ɗauka, kuma ki nemi ta turo miki saƙon murya ko na rubutu ta WhatsApp cewa ta ba ki kaza da kaza, ki adana shi. Mai aikin gida ba ta da mai gadi ko rajistar da za su shaide ta, kuma idan zama ya yi tsami, ko wani abu ya ɓace a gidan, jakarta ake fara buɗewa, sai tukunyar da aka yar da hannu ta zama hujja a kanta. Ki kuma laluba aljihunan tufafin da cikin jakunkuna kafin ki naɗe su, domin idan kika tarar da kuɗi ko ɗan kunnen zinariya, wannan ba ya cikin abin da aka yar, mantuwa ce, sai ki mayar mata hannu da hannu.

Game da firijin, idan an ba ki, ki yi lissafi kafin ki kai wa masu jigilar kaya. Wutar lantarkin Saudiyya tana tafiya ne a kan zagaye 60 a daƙiƙa, ta Najeriya kuma 50, kuma na'ura mai inji irin firiji, idan ba an ƙera ta don ta ɗauki duka biyun ba, ba ta yin aiki yadda ya kamata a can. Ki sa wanda ya iya karatu ya duba 'yar takardar da ke manne a bayansa, idan 60 kawai aka rubuta, ya fi miki ki sayar da shi a nan Makka ki aika musu da kuɗin su sayi wani a kasuwar Sabon Gari.